Masarar Ɗanlami Tana Nan a Herwagana

Zuwa ga ƙawata Katarina, a ƙasar Gwatamala, ko duk inda Allah ya ajiye ki.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Tomas da ɗanmu Ɗanlami. Ni ce Rifkatu ta Herwagana, mai wanki da guga a gidan da kika yi aikin girki a GRA ta Gombe. Ban san adireshinki ba, ban ma san ko kina da rai ba. 'Yata Saratu ta ce in rubuta kawai, za ta sa a intanet, wai babu ƙasar da ba ya kaiwa.

Haushi ne ya sa ni ɗaukar biro. Kwanan baya ina tsintar wake gaban talabijin, aka nuno wasu dogayen gine-ginen dutse a cikin kurmi, Turawa na hawa suna ɗaukar hoto. Mai bayani ya ce mutanenku na ƙabilar Maya ne suka gina su, masu ilimin taurari da lissafi, sannan ya sassauta murya ya ce wai sun ɓace, ba a san inda suka shiga ba. Saura kaɗan in jefe shi da faifan. Sun ɓace? Ni da na ci tuwo kwano ɗaya da ke, na wanke zanen haihuwarki da hannuna, yau wani mai kwat zai gaya mini ba ku nan? Ginin kakanninku na kawo musu kuɗi, jikokin kuwa an share su da baki ɗaya.

Kin tuna zuwanku? Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, manoma na barin gona suna bin kwangila. Wani kamfani ya ɗauko ubangidanku daga ƙasarku ya koya wa mutanenmu noman auduga, shi kuma ya zo da uwargidansa, ya haɗo da ku biyu, ke girki, Tomas ban ruwan fulawa. Kafin damina ta zagayo kin iya Hausar cefane, har kina tsokanar mahauta. Uwargida kuwa har ta tafi sannu ba ta zauna a bakinta ba.

Ba ta taɓa kiran sunanki ba. Mariya take ce miki. Da na tambaya, kika ce a can duk macen da ta ɗaura zanenku na saƙa Mariya ce a wurin masu gida, don kada su wahalar da kansu riƙe suna. Rigarki mai tsuntsaye ja da kore, wadda kika saƙa da kanki, ta hana ki shiga falo da ita, wai kayan ƙauye ne. Amma irin saƙar nan ce ta rataye a bango tana nuna wa matan manya, tana cewa al'adar ƙasarsu ce.

Ni a lokacin ina taƙama da 'yancin kai. Ina 'yar makaranta aka raba mana tuta, muka yi maci a rana. Da na ba ki labari sai kika yi murmushi, kika ce ku ƙasarku ta fi shekara ɗari da samun nata. Jikokin Turawan da suka zo a jirgin ruwa suka riƙe ƙasa mai kyau, ku aka tura kan duwatsu. Idan gonar dutse ta gaza, sai a loda ku a manyan motoci a kai ku gangare tsinkar kofi da auduga, jirgin feshi na wucewa ta kanku kuna duƙe. Wannan jirgin ne ubangidanku yake yi wa baƙi alfahari da shi, ke kuma kina tsaye kina zuba musu shayi. Ƙanwarki a irin gonar nan ta fara tarin da ya kashe ta.

Ranar Alhamis naƙuda ta kama ki a ɗakin bayan gida. Uwargida ta ce motar ba ta 'yan aiki ba ce, sai na ruga na kira tsohuwar ungozomar unguwarmu. Da yaro ya faɗo, ungozoma ta ɗauko reza, kika riƙe mata hannu. Tomas ya kwance wani ƙullin tsumma ya fito da masara guda, baƙa mai shuɗi-shuɗi, wadda kuka ɓoyo tun daga gida. A kanta aka yanke cibiya, jinin ya jiƙa ƙwayoyin. Ungozoma ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Kika ce a wurinku da masara aka yi mutum. Za a shuka wannan, a yi wa yaro kunu da amfanin farko, a riƙa ajiye iri kowace shekara har ya girma a danƙa masa ya buɗe gonarsa. Kun sa masa Matiyu, mu muka ce Ɗanlami, kuma namu ne ya bi shi.

Da ruwa ya sauka Tomas ya shuka rabi a bayan ɗakinku. Ta kai gwiwa, uwargida ta gani. Ta sa shi ya tuge da hannunsa, tana tsaye, wai nan ba ƙauyen Indiyawa ba ne, sunan rainin da suke kiran mutanenku da shi ke nan. Uba ya tuge shukar ɗansa don kada fulawa ta ji kunya! Ba ki yi kuka ba, ni ce na yi, har na ƙona wuyan rigar maigida da dutsen guga, kuma ban ce kuskure ne ba.

Sauran rabin na ƙulle a bakin zanena na kai Herwagana, na shuka a bayan ɗakinmu. Ta yi tsawo har ta wuce kwanon rufi, ta ƙi yin goyo sai ƙanana guda-guda, zafin Gombe bai karɓe ta ba. Maƙwabta suka yi ta yi mini dariya, wai Rifkatu na noman gora. Kafin ta bushe kwangila ta ƙare, aka ce ku haɗa kaya. A tashar jirgin ƙasa kika kama hannuna kika ce, “Ki riƙe masa, Rifkatu. Idan ya zama mutum zai zo ya karɓa.”

Ba a daɗe ba na fara jin sunan ƙasarku a rediyo. Sojoji na shiga ƙauyukan Maya a kan duwatsu suna kashe mutane, suna ƙona gidaje, wai suna neman 'yan tawaye. Har gonakin masara suke cinna wa wuta. Da na ji haka na san ba su yi da ka ba, sun san abin da masara take a wurinku. Mu ma mun ga yaƙi a ƙasar nan, amma ban taɓa jin an yi gaba da shuka ba. Na je wurin fada na cocinku, ya yi tambaya har inda zai iya, babu labari. Sunan ƙauyenku ma na kasa faɗa masa daidai, wannan kuwa ya daɗe yana damuna.

Katarina, 'yar'uwata, ban fasa shuka masarar ba ko damina ɗaya. Ranar da maigidana ya rasu masarar na tsaye. Shekarar fari da ruwan wanki na raya ta. Ba zan ɓoye miki ba, ta yi cuɗanya da ta maƙwabta, yanzu fari ya fi yawa, sai in zauna in tsince baƙaƙen in ajiye iri. Filin ma ya tsuke, 'ya'yana sun gina shaguna, saura ɗan lungu kusa da rijiya. Sun ce bana ce ta ƙarshe, za su zuba siminti. Ba na jin haushinsu sosai, gwiwata ta daina lanƙwasuwa, kuma ba su ne suka yi alkawari ba.

Ɗanlami yanzu ya isa yin furfura. Idan yana raye, duk wanda ya karanta wannan ya gaya masa an binne mabiyiyarsa a Gombe, kuma gonarsa tana hannun wata tsohuwa da ta gaji. Ya zo, ko ya aiko, ko ya faɗi inda zan aika. Idan kuwa wutar nan ta cinye ku duka, to mai kwat ɗin talabijin ya zo Herwagana in nuna masa waɗanda suka ɓace. Suna bakin rijiya, sun yi goyo.

Allah ya tsare ki idan kina duniya, ya ba ki hutawa idan kin riga ni. Ya bi muku hakkinku a kan waɗanda suka ƙwace ƙasa suka ƙona iri. Ni kuma ya ara mini kwana har in sauke wannan amana a hannun mai ita.

Taki har kullum,
Rifkatu, uwar goyon Ɗanlami,
Herwagana, Gombe.