Silin Motata a Kan Akurkin Kaji

Laraba da dare, Gyaɗi-Gyaɗi

Har yanzu ina cike da haushi. Makon jiya na ba ƙanena Sani motata ya kai a liƙe silin da ya ɗan saki. Sai ya dawo yana murmushi, wai ya yi min gata: mai gyaran kujerun mota na Tarauni ya ɓalle silin gaba ɗaya, ya manna jan karammiski a jikin ƙarfe. Na yi shiru don kada a ce ban iya godiya ba. Shirun nan ne ya fi ƙona min rai.

Yau na ɗauko Inna, muka faɗa rami, kanta ya bugi rufin. Ta dafe kai tana cewa, "Ba komai, Binta, mu je." Ga kumburi kamar ƙwai. Na daɗe ina ɗinke kawunan mutane a asibiti, na san ba don ado aka ƙera robar silin nan da sosonta ba.

Da la'asar na je wurin mutumin. Ya ce, "Hajiya, ai wancan tsohon yayi ne." Na ce ya fito min da tsohon yayina. Ya sosa ƙeya, ya nuna bayan shago. Ga silina an kifa a kan akurki, an danne da bulo, kajinsa na hutawa a inuwa.

Na sa ya sauke shi da hannunsa. Gobe zai wanke kashin kajin ya mayar min, ina tsaye a kansa. Kafin nan Inna ba za ta sake shiga motar ba.