Kalma Ɗaya a Takardar Ɗaki na Tara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Don Allah kada ki karanta mata wannan.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, duk wanda muka ba abinci sai mun rubuta yadda ya ci, da Turanci. A ɗaki na tara akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa, tun rasuwar matarsa da ƙyar yake taɓa abinci. Ranar Talata na zauna ina jan sa da hirar jirgi, ban ankara ba ya lamushe kwanon tas, hannu baka hannu ƙwarya. Murna ta kama ni. A ɗakin hutu kullum ina jin abokiyar aikina Doguwa tana cewa ta yi "inhale" ɗin abincinta, wato ta cinye cikin ƙiftawar ido. Ni ma sai na ce bari in nuna gwaninta, na rubuta "he inhaled his lunch", na tafi kai wanki.

Ashe a wajen ma'aikatan jinya, ma'anar kalmar ita ce abinci ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Tsohon kuwa dama haɗiya na ba shi wahala. Kafin in dawo, nas ta karanta takardar, motar asibiti ta tafi da shi yana tirjewa. Na bi nas da bayani, ta ce rubutu ya riga baki.

Jibi shugabar gidan za ta zauna da ni, da 'yar tsohon. Ba korar ce kaɗai ke tsorata ni ba. Idan da gaske ya ƙware fa, murna ta hana ni lura? Sau ɗari na tuno zaman nan, na kasa tuna ko ya yi tari.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Fatan kun tashi lafiya, Inna kuma da sauƙi.

Huhun tsohon ƙalau. Ba a kore ni ba, takardar gargaɗi aka ba ni, na sa hannu. Doguwa har kuka ta yi, wai bakinta ne ya ja min.

Sai dai tun da tsohon ya dawo ya kame bakinsa, ya ƙi cin abinci. Ya gaya wa 'yarsa cewa ranar da ya ci ya ƙoshi, ranar aka ɗaure shi a gado aka fita da shi. Ya zube, Yaya, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. 'Yar ta roƙa a mayar da ni wajensa, tunda a hannuna ya taɓa ci. Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Yau na zauna da shi awa guda. Ya karɓi cokali huɗu, idonsa na kan ƙofa. Na rubuta "4", ban ƙara ko harafi ba.

A gaida kowa da kowa.
Taki, Auta