Ƙwaya Ɗaya a Rami

Daren Laraba, watan Sha'aban, Kwanyawa

Barci ya ƙi zuwa, kuma bakina ne ya jawo mini.

Jikata Hafsatu ta kafe sai karatun likitan haƙori. Bara jami'a ɗaya ta zaɓa, ta Kano, ba ta samu ba, ta shekara a gida tana ɓarar gyaɗa. Shekaranjiya ta ce bana ma ita kaɗai za ta nema. Na ce, "Amarya, wane manomi kika ga ya jefa ƙwaya ɗaya a rami? Akwai rabon tsuntsu, akwai na gara, sannan naki."

Ni fa Zariya nake nufi, nan gaba da Rogo, inda mutum zai je ya dawo ya ci tuwon gida.

Ɗazu ta dawo daga Karaye, inda ake cike musu takardar neman jami'a a kwamfuta, ta durƙusa tana murmushi. "Angona, na bi maganarka. Na sa Kano, na sa Badun."

"Badun! Can ƙasar Yarabawa? Ke, in kin tafi can wa zai duba mini 'yan haƙoran da suka rage?"

"Ai goro ya riga ni, tsoho."

Na yi dariya. Duk shekarun da na yi ina shuka, ban taɓa fatan wata ƙwaya ta ruɓe ba sai yau. Na ɗaga hannu zan roƙa, sai na tuna idonta bara, ranar da sunayen suka fito babu nata. Na ce Allah Ya zaɓa mata mafi alheri.

Sai dai na ɗan ƙara da "Kano" a hankali, ko za a dace.