Wace ce Ok-ju?

Gongju, 3 ga Afrilu

Gwaggo Mal-sun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Bayan haka, wata magana ce ta tsaya mini a rai.

Jiya ruwan sama ya koro ni daga kasuwa, na fake a wani ɗan tsohon haikalin Buddha da ke kan tudu a bayanta. Shekara arba'in ina garin nan, ba wanda ya taɓa kai ni wurin. A gindin katanga an jera fale-falen rufi, irin waɗanda mutane ke rubuta sunayen iyalinsu a kai don neman albarka. Gwaggo, sai ga rubutun marigayi Baba. Sunan Mama, sunana, da wani na uku: Ok-ju.

Na tambayi malamin wurin, wani tsoho mai ƙwal-kwabo. Ya ce duk bazara Baba ba ya fashin zuwa. Da na ce wace ce Ok-ju, sai ya ce in sha shayina kar ya huce. Ke ce ƙanwarsa, ki faɗa mini gaskiya. Wata mace ya ajiye a waje? Ban gaya wa Mama ba tukuna.

Ki huta lafiya,
'yarki Seon-ye

Daejeon, 11 ga Afrilu

Seon-ye,

Na ga takardarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Ke dai tun kina yarinya ba kya ganin tukunya a rufe ki wuce. Mutumin da ko shekara bai yi a ƙasa ba, shi za ki tono? Ok-ju nawa ne a ƙasar nan? Ki daina zuwa wurin nan, kuma kar ki kuskura ki tayar wa uwarki da hankali. Ga kimchi nan, jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, na aiko, ki dawo mini da robata.

Gwaggonki

Gongju, 20 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kimchin ya iso, na gode. Amma na karanta takardarki sau uku, ban ga inda kika ce ba ki san ta ba.

Na koma haikalin ranar bikin haihuwar Buddha, an cika farfajiyar da fitilun takarda, kowace da suna a rataye. Na bi farare, na matattu, ɗaya bayan ɗaya. Na ga sunan Baba, ban ga na Ok-ju ba. Nata yana jikin wata ja, cikin na masu rai, kuma rubutun Mama ne. Mamar da ta ce mini ciwon baya ya hana ta fita duk makon.

Ashe kowa ya sani, ni kaɗai aka mayar sakarya. Raina ya ɓaci ƙwarai, Gwaggo. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen wata, Mama zan tambaya.

Seon-ye

Daejeon, 24 ga Mayu

'Yata Seon-ye,

Ina gaishe ki. Kar ki tambaye ta, na roƙe ki.

Ubanki bai ajiye kowa ba. Ok-ju yayarki ce. Tana da shekara huɗu ta ɓace a kasuwar nan, kafin a haife ki. A ƙofar haikalin aka yi mata ganin ƙarshe. An nema har an gaji. Malamin ya sha ce wa uwarki ta rataya farar fitila zuciyarta ta huta, ta ƙi.

Ran nan uwarki ba ta je kasuwa ba. Ni ta ba wa yarinyar in tafi da ita. Na saki hannunta ne don in zaɓi kifi. Shekara arba'in da uku ke nan, uwarki ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba. Da ma ta zage ni.

Ki gaishe ta.

Gwaggonki Mal-sun