Giyar Babur Ɗin Yaya

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yaya Adamu ya koma Abuja, ya bar min babur ɗinsa a nan Kiru, wai in riƙa motsa shi kafin a kira mu bautar ƙasa. Silinda biyu, giya shida, nauyinsa ya kusa kilo ɗari biyu. Ba shi da gilashin tare iska, ba rufi a jiki, inji a fili kamar an feɗe shi. Tsoronsa nake ji. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Ya faɗi da ni a Kwanar Ɗangora, gaban mai shayi. Ba gudu nake ba. Na saki kuloci da wuri, ya mutu, nauyin ya rinjaye ni ta hagu. Kamilu ɗan Kawu yana cikin 'yan acaɓar da ke wurin. Bai ɗaga ni ba, waya ya ɗaga. "Injiniya, a wace shekara aka koya muku kwanciya a titi?" Har ya sa bidiyon a sitatus. Rufaida, yarinyar da nake nema, ta gani, ta turo min "sannu" kawai.

Inna ta ce taubashina ne, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, ba a fushi. To. Ni ma zan yi nawa wasan.

Alhamis, 12 ga Satumba

Bayan asuba na fita hanyar Bebeji, ba mai kallo. Na gano inda kulocin yake kamawa. A giya ta biyu yana fizga in hannu ya yi rawa a totur, a ta huɗu kuma lafiya lau, sai gurnani a ƙarƙashina. Da ya wuce tamanin iska take dukan ƙirji, dole in duƙa. Birkin gaba da yatsa biyu ya isa. Kujera tana da tauri, injin yana gasa cinya in an tsaya.

Duk ramin da na kauce wa, fuskar Kamilu nake gani a ciki.

Lahadi, 15 ga Satumba

Har Doguwa na je na dawo. A kwanonin nan na bayan Tudun Wada, ba ka juya kansa da ƙarfi, kallon inda za ka kawai kake yi ya kwanta da kansa. Na tsaya wa garken shanu, ban faɗi ba. Ba wanda ya ɗauki wannan a waya.

Laraba, 18 ga Satumba

Allah ya kawo shi har gida. Kamilu ya kira Yaya ya roƙi aron babur, zai je sunan jikan Gwaggo Safara'u a Tudun Wada ranar Asabar, Yaya ya amince. Ya zo yana shafa tanki. "Injiniya, a wanke min shi. Za ka ga yadda maza ke hawa."

Ga abin da bai sani ba. Babur ɗinsa na acaɓa duk giyoyinsa ƙasa ake takawa, tun yana yaro haka ƙafarsa ta saba. Wannan kuwa ta ɗaya ce kaɗai ƙasa, sauran biyar sama ake ɗagowa da bayan ƙafa. Zai taka, ya sake takawa, babur ya yi ta kuka a giya ta ɗaya a gaban majalisa. Ban ce masa komai ba. Na share wayata don a sami wurin bidiyo.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na yi murmushi a salla. Astagfirullah.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na sake tunani, don ba na son aiki da zato. Kamilu ba wawa ba ne, kafin ya fita gari zai lalubo giyar. Matsalar a kan kwalta take. Yana gudu, hankalinsa na kan hanya, ƙafa za ta koma ɗabi'arta: zai taka ƙasa yana nufin ƙara giya, alhali ragewa ya yi. Na gwada da kaina a hanyar Bebeji, a gudun da bai kai nasa ba. Inji ya yi ƙara, tayar baya ta ja ƙasa ta yi wutsiya. Da ƙyar na tsayar da shi. Ga ruwan da aka yi jiya, kwalta da santsi.

Shi ya jawo wa kansa. Bai tambaye ni ba. Wanda ya ce shi gwani ne ai ba a koya masa.

Ban ci tuwon kirki ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Ya zo da farar shadda, ba hular kwano. Majalisa ta cika, wayata na hannu. Sai ga matarsa Bushra ta miƙo masa 'yarsu Ilham, an yi mata kitso da lalle, ya ɗora ta a kan tanki kamar yadda yake yi kullum a nasa. Ta kama madubi da hannu biyu, ta ce min, "Baffa Munir, zan tafi suna."

Na zare makullin.

Abin da na tuna na faɗa: "Sauke ta. Giyar nan ba irin taka ba ce." Ya yi dariya, ya ce yau kuma wanda ya faɗi ne zai koyar da tuƙi. Na tsuguna a gaban kowa na kama ƙafarsa da hannuna, na nuna masa: ƙasa ɗaya, sama biyar, in ka taka ƙasa kana gudu, tayar baya za ta tafi da ku. Dariyar ta tsaya. Ya kalli yarinyar, ya kalle ni. "Tun Laraba ka san wannan?" Na ce ƙwarai.

Bushra da Ilham suka bi mota.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban yafe ba, a rubuta. Bidiyon da ya ɗauke ni yana nan a wayoyin mutane, wanda na so in ɗauke shi babu.

Jiya ni na tuƙa, shi a baya, don ya ce shaddarsa za ta kama sarƙa. Ƙarya ce. Da mutum biyu bayan babur ɗin yana nutsewa, birki yana son nisa. A kwanar farko ya riƙe rigata, bai saki ba har Tudun Wada. Zan iya buɗe totur a miƙaƙƙen titin nan in ji ihunsa. Na yi niyya ma.

Sittin na riƙe. Hanyar ce ba kyau.