Tuwon da Na Ɗauke wa Baffa Hamadu

Daren Laraba, Garwa

Barci ya ƙi zuwa. Yau da azahar Baffa Hamadu, aminin Baba, ya zo daga Figil, Baba kuwa yana kasuwa. Baffa Hamadun ne ya yi alkawarin yi min maganar aiki a kamfanin siminti, don haka na tarbe shi a tsanake. Na yi masa shimfiɗa, na kai masa tuwo da miyar yakuwa. Ya ce, "Alhamdulillahi ɗana, a ƙoshe nake." Na sake yi masa tayi, ya maimaita. Sai na ɗauke kwanon na mayar cikin gida.

A Beljiyam, inda na yi karatu, na koyo wannan. Na taɓa matsa wa wata 'yar ajinmu ta ci abincina har ranta ya ɓaci, tun daga nan na riƙe cewa wanda ya ce a'a, a'a yake nufi. Har alfahari nake yi na iya zama da kowane irin mutum.

Inna ta buɗe kwanon, ta dafe kai. "Bafulatani ne zai ce maka yana jin yunwa? Ajiyewa ake yi, a fita, a ja masa ƙofa!" Kafin in koma har ya tafi.

Na ce gobe zan je Figil in ba shi haƙuri. Inna ta ce kul. "In ka je, ka gaya masa ke nan ka san da yunwa ya zo. Wannan ya fi na farkon muni."

Baba ya ji labarin, bai kuma ɗauko zancen aikin ba. A Beljiyam in na yi kuskure na san abin da zan faɗa. A gidanmu ban sani ba.