Injin da Ba Ya Jin Lallashi

Laraba, bayan isha'i

Alhamdu lillahi. Yau saura ƙiris in dawo gida Sabon Tasha ba aiki.

Da safe Alhaji mai kamfaninmu ya kira ni ofishinsa, rai a ɓace. Wai takardar neman kwangilarmu ta isa Abuja a makare, an maido ta. "Malam Sabo masinja, a aljihunka ta yi sati, ko?"

Na yi rantsuwa, ko kallona bai yi ba. Ni ma ban ga laifinsa ba. Lokacin tsohon injin buga kan sarki na ofishinmu, mai hannun juyawa, in na makara da wasiƙa sai in sa tsinken ashana in mai da kwanan wata baya. Ashe kowa ya sani!

Madam Rifkatu sakatare ce ta ɗauko ambulan ɗin, ta nuna masa jan tambarin. "Alhaji, duba, Litinin ɗin wancan satin Sabo ya buga ta, kuma gidan waya ba sa karɓa sai a ranar. Sabon injin nan da kansa yake sa kwanan wata. Kai ma ba ka isa ka canza ba, balle Sabo da ashanarsa."

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. "To, a hanya ta daɗe. Je ka."

Wata uku ina zagin injin nan don ba ya jin lallashi, yau shi ya tsaya mini shaida. Gobe zan goge shi tas, in kai wa Madam tsire. Ashanar kuwa na ba uwargida ta kunna risho.